Allurar da Ta Busar da Ni

Lokacin da abin ya faru ba a daɗe da ba mu jiha ba. Gusau ta cika da baƙin fuska, ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato suna ta neman ɗakin haya, ko'ina ka duba gini ake yi. Ni malamin firamare ne a cikin gari, ina riƙe da aji biyar, ban yi aure ba tukuna. Gidanmu yana Kucheri, gaba da Tsafe in ka nufi Funtuwa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona. Inna ce kaɗai a gida, sai ƙanenta, Kawu, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, shi ke duba mana ita in ba na nan. Ranar Juma'a in an tashi makaranta sai in hau bas in tafi gida, in dawo ranar Lahadi.

A wannan daminar na shuka wani sabon irin wake da ake ta yabo, mai saurin nuna, mai yawan 'ya'ya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙwari ma suna yabonsa. Da ya fara fure sai Kawu ya aiko mini cewa furen yana zuba, tsutsa ta shiga, in ba a yi feshi ba sai dai mu ci harawa. Na shiga kasuwar Gusau na sayi maganin feshi a cikin gwangwaninsa, na tafi da shi. Famfon feshi kuwa guda ɗaya ne a unguwarmu, na wani maƙwabci, yana zagaya gonaki kamar turmin aro. Irin wanda ake goyawa a baya ne, kana buga hannu ɗaya kana watsawa da ɗayan.

Na jira raɓa ta bushe, da hantsi na fara. Maganin in ka zuba shi cikin ruwa sai ya koma fari kamar nono, warinsa tsakanin kananzir da tafarnuwa. Ban yi nisa ba na ji wani sanyi yana gangarowa ta tsakiyar bayana. Ashe wurin da tiyo ya haɗu da tankin ya tsage, yana ɗiga a hankali. A zafin ranar nan sanyin har daɗi ya yi mini. Rigata ta jiƙe ta manne, na ɗauka rabi gumi ne rabi ruwa, na ci gaba da bin kunya-kunya. In tanki ya ƙare in sake haɗawa in goya.

Wajen azahar na fara lura da bakina. Miyau yake tarawa, in tofar, kafin in yi taku kaɗan ya sake cika. Hanci ya kama zuba, idanu suna hawaye ba tare da wani dalili ba. Gumi kuwa ban taɓa yin irinsa ba, har ta yatsun hannu yake ɗiga. Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Na ɗaga kai na ga rana tsakiyar sama, babu ko ɗigon gajimare, amma gonar ta yi duhu-duhu kamar hadari ya haɗo. Na sauke famfon na tsaya ina kallon sama, ina kallon ƙasa.

Na ƙwala wa Kawu kira, yana can yana gyaran dawarsa. Na ce, "Kawu, kai ma ka ga gari ya rufe?"

Ya sa hannu ya kare ido ya dubi sama, ya dube ni. "Wane gari? Rana ta kusa huda kai, kana cewa gari ya ruhe? Mi ya same ka?"

Kafin ya ƙaraso cikina ya murɗa, na durƙusa na yi amai. Ina durƙushe na ga naman cinyata yana rawa shi kaɗai ta cikin wando, irin motsin da naman da aka yanka yanzu yake yi a kan teburin mahauci. Na tuna na sa yatsa na danna wurin don ya tsaya, ya ƙi. Tsoro bai zo mini ba sai daga baya. A lokacin abin kallo ya zame mini, kamar jikin wani nake dubawa.

Kawu ya rataya hannuna a wuyansa ya kai ni gida. Inna tana ganina ta saki muciya. Kafin a ce me, ta dama nono da manja a ƙwarya ta kafa mini a baki, don abin da kowa ya sani ke nan game da guba. Na haɗiye kaɗan, ya dawo gaba ɗaya. Maƙwabta suka taru. Wata tsohuwa ta ce ai dama gonarmu akwai tsamiya a gefenta, kuma ba a son tsayuwa kusa da ita da tsakar rana. Kawu ya sunkuya ya shinshina rigata, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Wanga wari ba na iska ba ne. Maganin nan ne. A kira mai kabu-kabu."

Ya koma gona da gudu ya ɗauko gwangwanin maganin ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Aka ɗora ni a kan babur a tsakiya, mai tuƙi a gaba, Kawu a baya ya rungume ni don kada in zame, muka kama hanyar Tsafe.

A asibitin Tsafe wani malamin asibiti muka samu, dattijo mai furfura a gemu. Tun daga bakin ƙofa ya ji warin. Bai tambayi sunana ba ma. Ya ce a zagaya da ni bayan ɗakin, a tuɓe ni, a wanke ni da sabulu tun daga kai har ƙafa. Ya miƙa wa Kawu leda ya ce ya sa hannuwansa ciki kafin ya taɓa rigar, a ƙulle kayan a ajiye nesa. Haka aka zaunar da ni a kan dutse, malamin makaranta guda, Kawu yana cuɗa ni kamar jariri, ana kwara mini ruwa da bokiti. Kunya ta kama ni, amma ƙarfin hanawa babu.

Da aka kwantar da ni sai dattijon ya buɗe mini ido da yatsa ya haska tocila. Ya kira Kawu ya ce, "Zo ka gani. Dubi baƙin tsakiyar idon. Ya tsuke ya koma kamar kan allura." Ina jin haka na gane inda duhun gona ya fito. Ba sama ba ce ta rufe, ƙofar da haske ke shiga idona ce ta ƙanƙance.

Ya tambayi abin da aka ba ni a gida. Kawu ya ce nono da manja. Ya girgiza kai ya ce kada a sake, mutum a wannan halin in ya yi amai yana iya shaƙarsa ya wuce huhu, kuma wannan gubar ma ta fata ta shiga, ba ta ciki ba. Ya nemo jijiya a hannuna ya sa mini ƙarin ruwa, ya fasa wasu 'yan ƙananan kwalabe ya zuƙe ya tura ta nan. Ya ɗan jira, ya saurari ƙirjina, ya sake fasa wasu. A lokacin numfashina ya fara nauyi. In na ja iska sai in ji ƙirjina yana kurkur kamar tulun da ake cikawa a rafi. Bayan ya maimaita allurar har na daina lissafi, sai na ji abin ya ɗan sassauta.

Ya ce da Kawu, "Na tare shi, amma wannan aikin mai tsawo ne, yana son ido a kansa kullum. Ku wuce Gusau yanzu, tun da sauran rana."

Lokacin ana wahalar man fetur, motoci sun yi layi a gidajen mai sun kwana sun wuni. Kawu ya samu wani direban bas ɗan garinmu, ya sha mai wurin 'yan bumburutu a bakin hanya, aka shimfiɗe ni a kujerar baya. Kawu ne ya riƙe ledar ruwan a sama duk tsawon tafiyar, in hannu ɗaya ya gaji ya sauya. Abin da na iya tunawa a hanyar kaɗan ne. Na ga dutsen Kwatarkwashi ta taga, baƙi ƙirin, kamar da magariba, alhali la'asar ba ta yi sanyi ba.

Likitan da ya karɓe ni a Gusau siriri ne, bai girme ni da yawa ba, maganarsa a hankali. Abu na farko da ya nema shi ne gwangwanin. Kawu ya zaro shi daga aljihu. Likita ya karanta jikinsa ya ce, "Madalla da kuka zo da shi. Magungunan feshi iri-iri ne, ba duka ake yi wa magani ɗaya ba." Ya faɗa wa malamar jinya, wata babbar mace da kowa ke kira Sista, abin da za ta kawo. Ta dawo da faranti cike da irin ƙananan kwalaben nan na Tsafe, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba.

Daga nan aka shiga wani aiki da har yau in na tuna nake jin ƙararsa. Sista ta karya wuyan kwalba, ƙas, ta zuƙe, ta karya wata, ƙas. A tura mini. Likita ya jira kaɗan, ya saurari ƙirjina gaba da baya, ya riƙe tsintsiyar hannuna, ya haska idona, sannan ya cusa hannunsa cikin hammatata ya ciro ya dubi yatsunsa. Ya ce a ƙara, kuma a ninka. A sake karya kwalabe. Ya sake bin wannan layin, ya sake ƙarewa a hammata.

Kawu ya daure har ya kasa. Ya ce, "Likita, don Allah in tambaya. Mi kake biɗa cikin hammatarshi?"

Likita ya ce, "Bushewa nake nema, Baba. Wannan gubar jiƙa mutum take yi, har ya nutse a cikin ruwan jikinsa. Allurar nan kuma busarwa take yi. Ƙirji ne babban abin dubawa, amma hammata ma ba ta ƙarya. In ta bushe, mun kusa."

Kawu ya dubi farantin, fasassun kwalabe sun yi tsibi. "To amma wagga allura haka, ko sa aka yi ma ita ai ya faɗi."

Likita ya yi murmushi. "In ni mai lafiya aka yi mini rabin wannan, da yanzu ina hawa bango. Shi kuwa gubar da ke jikinsa ce ke danne ta. Ba mu da awo guda da za mu ce ga shi. Jikinsa ne zai gaya mana ya isa."

Akwai magani na biyu da aka zuba cikin ƙarin ruwan, yana sauka ɗigo-ɗigo. Shi ban ji komai game da shi ba sai ɗan jiri. Amma na farkon na ji isowarsa sarai. Kurkur ɗin ƙirjina ya yi ta raguwa har na ja wani numfashi da na ji ya sauka can ƙasa, ya cika ni. Miyau ya tsaya. Fitilar ɗakin da nake gani kamar aci-balbal ta yi haske har sai da na runtse ido. Likita ya ciro hannunsa daga hammatata ya nuna wa Kawu yatsunsa a bushe. Kawu ya ce alhamdu lillahi, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

Sai dai bushewar ba ta tsaya inda ake so ba. Washegari na farka harshena kamar ƙirgi, in na motsa shi sai ya manne a dasashi. Zuciyata tana bugu kamar kalangu. Jikina zafi rau, amma babu ɗigon gumi. Fitsari ya ƙi fita sai da aka sa mini roba. Da rana ta ɗaga sai na ga 'yan ajina sun shigo sun jeru a kan taga, kowa da allonsa. Ban ga abin mamaki a ciki ba ko kaɗan. Na tashi zaune na fara koya musu rabawa mai tsawo, ina tsawata wa masu surutu. Bargon da aka lulluɓe ni da shi kuma ya cika da furen wake, na duƙufa ina tsince su ɗaya-ɗaya ina tarawa a tafin hannu.

A cikin wannan halin Yaya ta iso. Ita ce babbarmu, tana aure a Bunguɗu, saƙo ya same ta da safe. Ta shigo da kwanon kunu ta yi mini sannu. Ita ta ba ni labari daga baya cewa na dube ta na miƙe ƙafa na ce, "Ranka ya daɗe, hedimasta, yaran nan ba su da alli." Ta ajiye kwanon ta fita baranda ta fashe da kuka, ta ce guba ta taɓa mini ƙwaƙwalwa, shi ke nan.

Sista ta bi ta ta riƙo hannunta, aka kira likita. Ya duba ni, ya ce a tsayar da allurar tukuna, a shafa mini ruwan sanyi. Ya ce da Yaya, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan ba gubar ba ce, maganin ne ya ɗan yi yawa. Zai sauka da kansa. Kamar tafiya ce a kan kunya, wannan gefe ruwa, wancan gefe fako. Jiya muna tsoron ruwa, yau mun ɗan zame fako."

Haka kuwa aka yi. Zuwa yamma yaran suka watse daga taga, bargo ya koma bargo. Bayan an rage allurar sosai sai miyau ya fara dawowa, ƙirji ya soma ɗan ƙara, aka sake ɗagawa kaɗan. Kwanakin da na yi a gadon nan haka aka yi ta yi, a ƙara a rage. Kowace safiya kuma likita yana da wata jarrabawa da yake yi mini. Sai ya ɗora tafinsa a goshina ya ce in ɗaga kaina daga matashi in ture hannunsa. Na tambaye shi dalili. Ya ce wani lokaci bayan an ga kamar komai ya wuce, gubar takan koma ta raunana wuya, daga nan ta sauka ga naman da ke jan numfashi, shi ya sa ba a saurin sallamar irinmu. Wuyana dai bai ba ni kunya ba.

Da hankalina ya dawo sosai sai tambayoyi suka cika ni. Wata safiya da na ga mutane ba su yi masa yawa ba na ce, "Likita, ni malami ne, in ban gane abu ba barci ba ya yi mini daɗi. Yaya abin da aka yi don tsutsa zai sa mutum miyau?"

Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce in ɗauka duk wani motsi na jiki, ko zubar miyau ne ko bugun zuciya, ɗan aike ne jijiya ke turawa ya ƙwanƙwasa ƙofa. In ya ƙwanƙwasa an ji, akwai mai sallamarsa nan take, don kada ya tsaya yana ta bugu. To gubar feshi wannan mai sallamar take kamawa ta ɗaure. Sai 'yan aike su taru a bakin ƙofa, kowa na bugawa, babu mai cewa ya isa. Miyau ya yi ta zuba, hanji ya yi ta murɗawa, huhu ya yi ta tara ruwa. Tsutsa ma haka yake kashe ta, don ita ma da irin wannan tsarin aka yi ta.

Na ce, "To allurar fa?"

"Ta farkon, atirofin, ba ta kwance ɗaurarren. Tsayawa take yi a bakin ƙofa ta hana a ji bugun. Ta biyun, wadda ke cikin ruwa, ita ce ke ƙoƙarin kwance shi, in an zo da wuri kafin ƙullin ya kafe. Sauran kuma jikinka ne zai yi sababbi a hankali."

Na juya abin a raina. Sai ya ƙara da cewa, "Ka san zaƙami?"

Yaya tana gefe tana ɓare mini lemo. Ta ɗago kai. "Zaƙami dai na juji? Haukata-yaro?"

Ya ce, "Shi. Atirofin daga irin danginsa aka fara samo shi, zaƙamin ma yana da shi a jikinsa. Abin da kika gani ranar da ya kira ki hedimasta, ai kin taɓa ganin irinsa."

Yaya ta riƙe baki. Ta ce wallahi ta taɓa gani, wani saurayi a unguwarsu abokai suka zuba masa a shayi, ya wuni yana tsintar abin da babu a ƙasa, idanu warwaje, yana neman ruwa. Ta dube ni kamar ranar ta fara ganina, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa bayan an sha kuka.

Da aka sallame ni Yaya ta ce ba zan koma ɗakin haya in zauna ni kaɗai ba, ta tafi da ni Bunguɗu. Gidansu ba shi da nisa da gulbi. Ƙafafuna ba ƙarfi, in na je masallaci na dawo sai na kwanta. Karatu ma ya gagare ni na ɗan lokaci, in na kawo littafi kusa sai baƙaƙen su narke, amma ina iya hango masu wanki a bakin ruwa tar. Ranar da na fara jin ƙarfi na tambayi mijin Yaya ko akwai zaƙami kusa. Shi tela ne, mutum mai son gardama. Ya ce ai ga shi nan bayan gida, ya gaji da sarewa.

Muka zagaya. Yana nan kan juji tsakanin toka da fasassun tukwane, ganyensa faffaɗa, furensa fari dogo kamar kakaki, 'ya'yansa dunƙule da ƙaya. Tun ina yaro nake wuce shi, abin da kawai na sani shi ne a ce kada ka taɓa. Na tsuguna na daɗe ina kallonsa. Awaki suna kiwo kewaye da shi, sun cinye komai sun bar shi tsaye.

Mijin Yaya ya ce, "To ni ga abin da ban gane ba. In dai wanga ne maganin, mi ya kai ku Gusau? Duk wanda feshi ya kama a tsinko mai 'ya'ya biyu a jiƙa a ba shi, a huta."

Na ce ban jin haka abin yake, amma da ya matsa mini na rasa hujjar da zan ba shi. Muka yi ta ja har aka kira la'asar. Na riƙe tambayar a raina.

Inna ta zo duba ni a can, Kawu ya rako ta. Ya ce an ɗaure tiyon famfon da roba, mai shi ya ƙarasa mana feshin, waken ya tsaya da zubar da fure. Da muka keɓe Inna ta yi ƙasa da murya ta ce, "An ce nonon da na ba ka ba daidai ba ne."

Na ce, "Inna, ai bai zauna ba ma. Sun ce abin da ya fi shi ne a cire rigar a wanke mutum da sabulu, a yi asibiti da shi."

Ta jinjina kai. "Sabulu. Ga shi kuwa cike da kwando a ɗaki. To mi munka sani?" Sannan ta ce za ta gaya wa matan unguwa, don bana kowa ya shuka irin waken nan.

Ranar da aka ce in koma a duba ni, na hau mota daga Bunguɗu na shiga Gusau da safe. Likita ya saurari ƙirjina, ya sa na matse yatsunsa, na taka a gabansa zuwa ƙofa na dawo. Ya ce lafiya ta samu, amma kada in kusanci maganin feshi sai bayan watanni, don jikina bai gama mayar da abin da ya rasa ba, kaɗan yanzu zai iya kayar da ni. In kuma na koma yi, in duba famfo da ruwa zalla tukuna, in sa riga mai dogon hannu, in ba iska baya, in yi wanka da na gama.

Sai na kawo masa maganar mijin Yaya. Ya ajiye biro ya dube ni da kyau. Ya ce, "Ka gaya masa kada ya kuskura. Ka ga yadda muka yi ta auna maka, muna saurare muna dubawa, duk da haka sai da muka zarce? To mu mun san abin da ke cikin kowace kwalba. Zaƙami wa ya san abin da ke cikin ɗa guda? Wani ya fi wani ƙarfi, na wannan jujin daban da na wancan. Ga shi mai aman da ba ya riƙe ko ruwa. Sai ka tara wa mutum guba biyu."

Na ce na ji, zan isar. Na miƙe har na kai ƙofa, sai wata tambayar ta taso. Na ce, "Likita, wa ya fara gane cewa wannan gubar ce ke tare waccan? Ta yaya ma tunaninsa ya kai can?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan kam ban sani ba. An koya mana yadda ake yi, ba a gaya mana wanda ya fara ba. In ka gano ka zo ka faɗa mini." Ya leƙa waje ya ce mai bi ya shigo.

A kan bencin baranda na tarar da wani tsoho Bafulatani, ƙafarsa a kumbure an naɗe ta da bandeji, sandarsa jingine a bango. Na yi masa sannu na tambayi abin da ya same shi. Ya ce kububuwa ce ta sare shi a wajen kiwo, amma an yi masa allura, kumburin yana sauka. Ban da wani uzuri a ranar, makaranta sai Litinin. Na gyara riga na zauna kusa da shi na ce, "Baba, allurar da aka yi maka, sun gaya maka da me ake yin ta?"